Durowa ta Ƙasa

A shekarun nan da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa da auduga daga Gusau kamar ba za su ƙare ba, kafintocin garin ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma ko wa ka tambaya zai ce maka Labbo ne babbansu. Ba makaranta ya je ba. Bai san baƙi ɗaya na boko ba, da taƙi da kamu yake awonsa, amma idan ya dubi bakin ƙofa sau ɗaya ya koma rumfarsa a Tudun Wada, ƙyauren da zai kawo maka sai ya zauna daram kamar tare aka gina su. Mutum ne da wuya ta sha gwadawa ba ta kai shi ƙasa ba. Yunwa ta same shi yana yaro a Karakkai ta wuce ta bar shi. Azara ta faɗo masa a kafaɗa, washegari ya fito aiki. Sanƙarau ɗin da ya share rabin unguwa ya kwantar da shi kwana tara, rana ta goma ya tashi ya nemi tuwo. Irin waɗannan mazan yanzu sai dai labari, mu da muka rage ba mu cika tabarma ɗaya ba.

Matarsa Lantana ce ba ta tashi daga wannan ciwon ba. Ta bar ɗiya ɗaya, Maijidda, da zane ɗaya na saƙi. Sauran kayanta duk an raba, wanda ya tafi gado ya tafi, wanda ya tafi sadaka ya tafi, amma wannan zanen ba a taɓa shi ba. Audugar gonarsu ce, ita da kanta ta kaɗa zaren, damina biyu tana tarawa kafin ta kai wa masaƙi, aka rina shi baƙi wuluk mai ɗigon fari. Da shi ta goyi Maijidda, kuma ta faɗa da bakinta cewa da shi za a goyi jikokinta. Maijidda ta ajiye shi cikin wata tsohuwar ƙwarya ta rufe da faifai. Duk damina, da rana ta ɗan buɗe, sai ta fito da shi ta shanya, ta kaɗe, ta ninke ta mayar, yadda ta ga uwarta na yi.

Da aka sa ranar aurenta da Yahuza, wani maɗinki ɗan Bungudu da suka daɗe suna son juna, sai Labbo ya ɗaura niyyar cewa ɗakin ɗiyarsa zai samu abin da babu amaryar da ta taɓa samu a ƙasar nan. Kuma Allah ya kawo masa. Wani Bature na kamfanin sayen gyaɗa, wanda Labbo ya taɓa yi wa rufin gida, aka ɗauke shi zuwa Ikko bagatatan, ya bar masa wani shimfiɗaɗɗen akwati da jirgi ya kawo, ko buɗewa bai yi ba. Da Labbo ya ɓalle shi sai ga alluna a jere, sumul, kowane da hudarsa, ga ƙunshin ƙusoshi masu zare irin waɗanda ake murɗawa, ga takarda mai zane-zane. Kabad ne mai durowa huɗu, an aiko shi a warwatse don mai shi ya haɗa.

Takardar nan Labbo ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ƙunshe goro da ita. Kafin la'asar ya gano inda kowane allo yake shiga, da kansa, ba wanda ya nuna masa. Ku je ku tambaya ko a Kano akwai wanda zai yi haka a lokacin. Ƙusoshin masu zare kuwa bai tsaya ɓata lokacin murɗa su ba, guduma ya sa ya buga su har kai, ya ƙara nasa a allon baya don ƙarfi.

Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai. Da ya zura durowoyin, sai ya ji suna wasa. Kowace akwai ɗan sarari a gefe da sama, kamar kaurin tsinken tsintsiya biyu. Lokacin kuwa an gama ɗibar auduga, ƙasa ta bushe ƙayau, katako ma ya bushe.

Yana cikin girgiza durowa sai ga Bello. Bello tsaransa ne, tare suka fara riƙe zarto, amma shi ya yi shekara shida yana aiki da kafintocin reluwe, abin da Labbo bai taɓa yafe masa ba.

"Dubi aikin iyayen gidanka," in ji Labbo. "Sun iya ƙera jirgi, ba su iya awon akwati ba. Ji yadda take kaɗawa awa haƙorin tsohuwa."

Bello ya tsuguna, ya ja durowar, ya mayar. "Bar ta haka nan, Labbo. Da gangan anka bar wurin ga. Katako shan ruwa shikai da damina, shi kumbura. In ka cike shi yanzu, ina za shi tahi?"

"To, Malam Reluwe ya fara karatu."

"Ni dai na gaya maka. Kakin zuma za ka goga a inda take zamewa, sama da ƙasa, shi ke nan. Kada ka ƙara mata komi."

"Kakin zuma! Ɗiyata zan kai ɗaki ko amya zan kafa? Tashi ka ba ni wuri, inuwarka ta tare mani haske."

Bello ya yi dariya, ya ɗauki goro ɗaya daga cikin takardar Bature ya tafi.

Kwana biyu Labbo ya yi yana fere siraran katako, yana manna su da gam a gefen kowace durowa, yana gogewa da magagari, har sai da ya zama ko allura ba ta ratsawa. Sannan ya kawo man gyaɗa, mai kyau, sabon matsa, ya shafe hanyoyin da tsumma. A Gusau ta wancan lokaci komai ya yi ƙara man gyaɗa ake ba shi, daga ƙyaure har ƙafar amalanke, to me zai hana kabad? Ya ja durowa ta fito sulum, ya tura ta koma ba ko motsi. Duk wanda ya wuce ƙofar rumfar sai ya kira shi ya ja ya ji.

Ranar jere a Bungudu mata sun manta da tasoshi da ƙorai, kabad suka yi wa zobe. Luba, yayar Labbo, wadda ke aure a garin kuma ita ce ta tsaya a matsayin uwar amarya, ita ma sai da ta ce, "Kai Labbo, yau kam ka yi abin kai." Daga bakin Luba wannan ba ƙaramar magana ba ce. Maijidda ta fito da zanen uwarta daga ƙwarya, ta shimfiɗa shi a durowa ta ƙasa, shi kaɗai, ta tura. Tsohuwar ƙwaryar aka ba wata maƙwabciya ta zuba dusa.

Rani ya wuce lafiya, bazara ta wuce. Labari ya zo Gusau cewa Maijidda na da ciki. Aka yi shuka, aka yi noman farko, ruwa ya zauna. Bungudu kuwa bakin gulbi take, da damina ko bangon ɗaki gumi yake yi.

Wata ranar kasuwa Luba ta shigo Gusau sayen gishiri, ta biyo ta rumfar ƙanenta.

"Akwatin naka ya ɗaure baki," ta ce tun kafin ta zauna. "Durowoyin sama ukun da ƙyar suke hita, sai mutum biyu sun kama. Ta ƙasa kuwa ta ƙi sam. Yarinya na son ta shanya zanen uwarta, ba hali."

A rumfar akwai mutum uku da suka zo ɗaukar ƙyaure. Labbo ya dube su, ya dubi yayarsa.

"Ba su iya ja ba ne, Yaya. Abin Turawa ba a yi mashi jan guga. Ki ce ma Yahuza shi ɗiga mata man gyaɗa ta bakin sama, shi bari ta kwana."

"Ko dai ka zo ka gani da idonka?"

"Aikina ba shi bukatar in bi shi gida-gida. A sa mai."

Yahuza yaro ne mai biyayya. Surukinsa ya ce a sa mai, sai ya kwantar da kabad ɗin baya kaɗan, ya bi bakin durowa ta ƙasa da ludayi guda. Ta kwana, ba ta buɗe ba. Ya ƙara rabin ludayi. Da ya tattara ƙarfinsa ya ja, sai mariƙin ya ɓalle a hannunsa, shi kuma ya zauna daɓas a tsakar ɗaki.

Bayan sati uku Yahuza ya zo da kansa a kan keke, ya durƙusa a ƙofar rumfa, ya ajiye mariƙin a gaban Labbo.

"Baba, ko a ba ni izini in ɓalle allon baya? Ko in sa gizago in ɗaga fuskar kaɗan. Hankalinta duk yana kan zanen. Ta ce tana jin wani wari."

"Gizago?" Labbo ya miƙe tsaye. "Kai da allura anka san ka, mi ya haɗa ka da gizago? Kabad ɗin da babu irinshi daga nan har Sakkwato za ka sara awa itacen wuta? Wanda duk ya taɓa shi, ni da shi. Ina nan tahe."

Yahuza ya ce to, ya hau kekensa.

Gaskiyar magana, wadda Labbo bai gaya wa kowa ba, ita ce bai san yadda zai buɗe durowar nan ba tare da ya fasa ta ba. Allon baya ya buge shi da ƙusoshin da ba sa fita sai da tsaga katako. A rumfarsa ma ya lura wani ƙyaure da ya yi da rani ya fara cije bakin ƙofa. Maganar Bello ta dawo masa tsaf, kalma bayan kalma. Rumfar Bello kuwa ba ta fi taku ɗari biyu daga tasa ba. Sau biyu ya kama hanya, sau biyu yana kaiwa gindin durumi ya tsaya ya sayi goro ya juyo. Ya riƙa gaya wa kansa cewa zane ai a rufe yake, me zai same shi? Ruwa na ɗaukewa katako zai saki, durowa ta buɗe da kanta, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani.

Ana nan sai wani ɗan kasuwa a Tsafe ya aiko yana son ƙyamare da tagogin sabon kanti. Aikin sati biyu ne. Labbo ya tattara kayan aikinsa ya tafi, ya mayar da shi sati shida. Ƙyamaren nan, in ba a rushe kantin ba, suna nan har yau, ku je ku duba. Amma ko a Tsafe, in ruwa ya kece yana zaune a zaure, sai ya ji goron bakinsa ya fita daɗi.

Can saƙo ya iske shi ta bakin wani direban lori: Maijidda ta sauka lafiya, namiji. Direban ya ƙara da cewa, "Wata tsohuwa mai faɗa ta ce in gaya maka, mai jego ta ce ba za a fito da yaro ran suna ba sai cikin zanen kakarsa. In ba ka zo ba kafin jajibiri, ita tsohuwar za ta sa wa kabad ɗin taɓarya."

Labbo ya sauka Gusau rana ta biyar. Bai biya gida ba. Ya wuce durumin nan kansa a ƙasa, ya tsaya a ƙofar rumfar Bello ya yi sallama. Bello ya ɗago, ya dube shi, ya dubi buhun kayan aikin da ke kafaɗarsa.

"Ta cije ko?"

"Ta cije."

"Tun yaushe?"

"Tun noman farko."

Bello ya ajiye zarto. "Wata uku, Labbo? Ina nan zaune kana wuce ni?" Ya tashi ya ɗauki wani dunƙulen kakin zuma da siririn ƙarfe ya jefa aljihu. Da ya yi masa ba'a ma da ya fi wa Labbo sauƙi.

Washegari da hantsi suka isa Bungudu. Luba ta tare su a tsakar gida, tana juya kunun kanwa.

"Sannu da zuwa, sarkin kafintoci. An gama gina Tsafe?"

"Yaya, a bar maganar nan."

"A bar ta? Shiga ka gani."

Ɗakin mai jego ya ɗau zafi, kwana shida ana hura wuta a ciki. Maijidda na zaune bakin gado, ta ja lulluɓi ta gaida mahaifinta da abokinsa. Bello ya yi barka, ya tsuguna gaban kabad, ya shafa gefensa, ya ƙwanƙwasa.

"Wutar ga ta yi mana rabin aiki," ya ce. "Katakon ya fara saki. Tun farko da kasko anka cika da garwashi anka aje kusa da shi kwana biyu, da ta hito."

Luba ta juya ta dubi ƙanenta. "Kasko," ta ce. "Ka ji? Kasko."

Suka cire durowoyi ukun sama ɗaya bayan ɗaya. Bello ya zura hannu ta ciki, ya sa siririn ƙarfen ya ɓamɓare katakon da Labbo ya manna, ya bubbuga ta baya da tafin hannu. Durowa ta ƙasa ta yi ƙara, ta motsa, ta fito.

Wari ne ya fara fitowa, warin mai da ya daɗe ya lalace. Sai kyankyasai suka watse ta ko'ina, kiyashi kuwa baƙi ƙirin kamar an zuba. Zanen yana nan a ninke yadda Maijidda ta ajiye shi, amma man da aka ɗura ya sauka kansa ya ratsa har ƙasa, funfuna ta hau ta yi fari-fari da kore. Maijidda ta sauko daga gado, ta durƙusa, ta kama gefe biyu ta ɗaga a hankali. Duk inda ninki yake ya rabu. Tsakiyar kuwa ƙwari sun cinye, haske na ratsawa. Abin da ya rage a hannunta bai kai a rufe kan jariri ba.

Jaririn ya yi ɗan kuka ya yi shiru.

"Man nan," in ji Luba, "wa ya ce a zuba shi?"

"Ni," in ji Labbo.

"Da Yahuza ya roƙe ka shi ɓalle baya, wa ya hana?"

"Ni, Yaya."

"Gwaggo, ki bari," in ji Maijidda. Ba ta ɗago kai ba. Tana tattara guntayen tana jera su a cinyarta, ƙanana a kan manya. "Baba, ba komi. Kwananshi ne ya ƙare."

Labbo ya tsaya jiran ta ƙara wani abu, ko kuka, ko ƙorafi, abin da mutum zai samu ya ba da haƙuri a kai. Ba ta ƙara ba. Ta tambayi Luba ko za a samu ruwan ɗumi da sabulu, ko wani yanki zai wanku. Luba ta karɓa ta fita da su. Daga ƙofar ɗaki Labbo yana kallo ta sa su cikin ƙwarya, ta ɗan murza, zaren ya narke a hannunta, ruwan ya yi baƙi. Ta tsame abin da ta iya tsamewa ta shanya a kan danga, 'yan tsummoki huɗu.

Shi da Bello suka fito da kabad ɗin zaure. Yinin ranar Labbo ya yi shi yana cire duk abin da ya manna, yana kankare katakon da ya sha mai da magagari, yana gogewa da toka. Bello na gefe yana cewa nan, rage nan, ya isa, kuma karo na farko tun suna samari Labbo bai musa masa ba ko sau ɗaya. Suka bar wa kowace durowa sararinta. Suka goga kakin zuma sama da ƙasa, suka ɗora ƙafafun a kan duwatsu huɗu don kada su sha damshin ƙasa. Kafin magariba da yatsa ɗaya ake janta. Matan da suka zo daka suka taru suna ja suna turawa suna yaba hannun Labbo. Ya tashi ya bar musu zauren.

Da safe aka raɗa suna, Jibril. Bayan wanzami ya gama aski, Luba ta fito da yaron zuwa bakin zaure don kakansa ya sa masa albarka. An naɗe shi cikin wata sabuwar atamfa mai ja da rawaya, wadda Yahuza ya saya a kanti da yammacin jajibiri, ko sitacinta bai fita ba, tana ƙara in an taɓa. Labbo ya karɓe shi da hannayen nan nasa masu kanta, ya yi addu'a, ya tofa. Atamfar na zamewa, ya gyara, ta sake zamewa.

"Riƙe shi da kyau mana," in ji Luba. "Sabon zane ne, ba ya kama jiki."

Ya miƙa mata yaron. Aka ce ya tsaya a gama gyaran rago, ya ce akwai ƙyaure ɗaya da ya bari a Tsafe bai kafa ba. Bello ya san babu wani ƙyaure, amma ya ɗauki buhun kayan aikin ya bi shi, suka tsaya bakin hanya cikin yayyafi suna jiran lori.